KATIN WAYAR ISKA NA KWAMFUTAR TEBUR: ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN A FITAR DA KUƊI

Cikin rangadin makarantu da muka yi a ƙarshen damina, mun sauka a wata makarantar sakandare ta kwana, muka iske shugabanta rai a ɓace. An aiko musu da kwamfutocin tebur goma sha biyu, aka kuma ware ɗan kuɗi domin a haɗa su da intanet. Malamin sito ya shiga mota ya tafi birni, ya komo da katunan wayar iska goma sha biyu cikin kwalaye masu ƙyalli. Da aka zo ɗaurawa sai aka ga ƙarfen da ke bayan kati ya ɗara akwatin kwamfuta tsawo, murfi ya ƙi rufuwa. Mai kanti ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka yage kwalinsa. Boca kuwa an riga an sa mata hannu, an rufe lissafin wata. Ga yara 'yan ajin ƙarshe suna jira su saba da aiki da kwamfuta, gama tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir. Abin da ya ƙara ba mu takaici shi ne, da muka karanta rubutun da ke jikin wani kwali da ya saura, sai muka ga ashe kowane kati ya zo da ɗan gajeren ƙarfe na musanya, wanda aka yi musamman saboda irin waɗannan siraran kwamfutoci. Masinja ya share su tare da ledoji ya kai juji, aka neme su aka rasa.

Ba domin mu kunyata kowa muka kawo wannan labari ba. Malamin sito mutum ne mai amana, rasit ɗinsa kuma daidai ya ke. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa abin da zai duba tun kafin ya bar gida. Tun da ya ke malamai da akawuna da yawa sun sha tare mu da wannan tambaya, muka ga ya kyautu mu amsa ta gaba ɗaya a nan.

Da farko sai mu san ko mene ne wannan kati. Wayar hannu da kwamfutar cinya an ƙera su da ɗan rediyo a ciki, mai aikawa da saƙo ya kuma karɓa, shi ne abin da jama'a suka sani da sunan Wi-Fi. Kwamfutar tebur kuwa, musamman irin ta ofis da a ke kawowa na hannu, sau da yawa ba ta da shi, sai ramin igiya kawai a baya. Katin da mu ke magana a kai shi ne wannan ɗan rediyo, a ke saye dabam a ƙara mata. Amma fa a lura da kyau: kati ba ya kawo intanet da kansa. Kamar guga ne, in ba rijiya ba ya ɗebo kome. Dole a sami wata na'ura da zai yi magana da ita, ko dai rauta ta ofis, ko ɗan akwatin nan na MiFi irin wanda MTN da Airtel ke sayarwa, ko kuwa wayar hannu da aka buɗe ta rarraba data. Mun taɓa ganin wanda ya sayi kati ya zauna yana jiran intanet ta zo, har ya kai ƙarar mai kanti.

Kafin ma a kai ga saye, mu kan tambayi kowane shugaban ofis, shin ba za a iya jan igiya ba? Igiyar sadarwa ta kan kai mita 100 ba tare da ta gaza ba, ba ruwanta da katanga, ba ruwanta da maƙwabci. In kwamfuta da rauta suna ɗaki ɗaya, ko bango ɗaya ne tsakani, igiya ta fi araha ta kuma fi aminci. Ɗakin da za a jera kwamfutoci da yawa domin jarrabawa, ra'ayinmu shi ne kada a dogara ga iska ko kaɗan. Kati na da amfani ne inda jan igiya zai sa a fasa gini, ko a ƙetare fili, ko inda ofis na haya ne mai gida ya hana huda bango.

IRIN KATUNAN DA A KE SAMU

Wanda aka fi gani a kasuwa shi ne na USB, wanda a ke cusawa daga waje kamar filashi. Ba a buɗe kome, ba a kwance noti, yaro ma ya iya. Akwai ƙanana ƙwarai da ba su wuce farcen babban yatsa ba. Waɗannan eriyarsu ƙarama ce ainun, in rauta ta yi nisa ba su da katabus, kuma su kan yi zafi in aiki ya daɗe. A makaranta suna da wani aibi da ba a rubuta a kwali ba, watau saurin shiga aljihu. Masu eriya doguwa a jiki sun fi ji daga nesa.

Na biyu shi ne na ciki, wanda a ke buɗe akwati a dasa shi a kan babban allon kwamfuta, cikin gurbin da a ke kira PCIe. Eriyarsa biyu ne galibi, suna leƙowa ta baya. Shi muka fi so domin kwamfutar da za ta zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. Sai dai shi ne ya ke da tarko iri biyu. Na ɗaya shi ne wanda ya kama mutanenmu na sama: ƙarfen baya iri biyu ne, dogo mai kimanin santimita 12 domin babban akwati, da gajere mai kimanin santimita 8 domin siririn akwati. Yawancin kwamfutocin Dell da HP da Lenovo na ofis sirara ne, saboda haka sai a buɗe kwali a gaban mai kanti a ga gajeren ƙarfen da ido. Na biyu kuwa shi ne gurbin kansa. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani dogon gurbi, fari galibi, mai suna PCI ba tare da harafin ƙarshe ba. Sunan ya yi kama, amma katin wannan ba ya shiga wancan. Katin wayar iska na yanzu ɗan gajeren baki gare shi, ya kan shiga ƙaramin gurbin PCIe, ya kuma shiga dogon PCIe ya yi aiki lafiya lau, ko da rabin gurbin ya saura a buɗe. Wanda zai tafi kasuwa ya fara buɗe akwati ya ɗauki hoton cikinsa da waya, ya rubuta lambar samfurin kwamfutar a takarda.

Akwai na uku, ɗan falle kamar kan sarki, mai shiga gurbin M.2. Wannan mu kan bar wa masu gyara, domin wayoyin eriyarsa sirara ne kamar zare, maɓallansu kuma da an matsa a karkace sun lalace. Abu ɗaya kawai za mu ce a kansa: na kamfanin Intel masu lamba AX200 da AX210 suna aiki a kusan kowane allo mai wannan gurbi, amma AX201 da AX211 ba su aiki sai a kan wasu alluna na Intel da aka yi dominsu. Bambancin lamba ɗaya ne, ya kuwa ci kuɗin mutane.

LAMBOBIN DA KE JIKIN KWALI

A nan ne mai saye ya fi ruɗewa, saboda haka za mu ɗan daɗe. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke Amurka ita ta tsara ƙa'idar wannan sadarwa, mai lamba 802.11, a shekarar 1997, gudunta kuwa bai wuce megabit 2 a sakan ba. A 1999 aka fito da mai harafin b, megabit 11. A 2003 mai harafin g, megabit 54. A 2009 mai harafin n, a 2013 mai haruffan ac, daga baya mai ax. Da aka ga haruffa sun yi wa jama'a yawa, sai a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta ba su lambobi masu sauƙi: n ya zama Wi-Fi 4, ac ya zama Wi-Fi 5, ax ya zama Wi-Fi 6. Wi-Fi 7 kuwa a farkon 2024 aka fara ba kaya shaidarsa. Sabon kati yana magana da tsohuwar rauta, amma da saurin tsohuwar zai tafi. Doki da jaki in an haɗa su tafiya, tafiyar jaki a ke yi.

To, ga inda wayon 'yan kasuwa ya ke. Za ka ga an rubuta AC1200 da manyan baƙaƙe, ka zaci megabit 1200 za ka samu. Ba haka ba ne. An tara gudun zango biyu ne, 300 na ɗaya da 867 na ɗayan, aka cike lissafi. Kati kuwa zango ɗaya ya ke hawa a lokaci guda. Ko wannan 867 ɗin ma lissafin takarda ne, abin da ke isa hannu ya kan tsaya wajen rabi ko sama kaɗan, in an yi sa'a rauta na kusa. Haka AX3000, watau 574 da 2402. Sa'an nan a tuna megabit ba megabait ba ne, bit takwas ke yin bait ɗaya, saboda haka in kwamfuta ta nuna fayil na sauka da megabait 5 a sakan, megabit 40 ke nan. Bayan duk wannan, in layin da ke shigowa ofis daga kamfanin waya bai wuce megabit 20 ba, kati mafi tsada a duniya ba zai ƙara ko ɗaya a kai ba. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba kullum ta ke biyan bukata ba. Domin aikin ofis da na aji, kati mai Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, mai zango biyu da eriya biyu, ya isa har ya yi saura. Na Wi-Fi 4 mai lamba N150, wanda ya cika tebura a kasuwa, shi ne ba mu ba da shawara ba sai in babu wani.

Zangon nan biyu da muka ambata su ne gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, gama Bluetooth da murhun ɗumama abinci na lantarki da rautocin maƙwabta duk a nan su ke. Hanyoyinsa uku ne kaɗai ba su taka juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. Na 5 ya fi sauri, fili kuma ya fi yawa, sai dai bango biyu na kankare sun isa su raunana shi. Wanda ofishinsa tsohon gini ne na zamanin En'e, mai katanga kauri kamu biyu, ya san abin da mu ke nufi. Yawancin ƙananan MiFi masu araha kuwa zangon 2.4 kaɗai su ke da shi, a juya ƙarƙashin na'urar a karanta kafin a kashe kuɗi a kan abin da ba za a mora ba. Akwai zango na uku, gigahaz 6, na katunan Wi-Fi 6E da 7, wanda ke bukatar rauta irin tasa da kuma Windows 11. Ba mu ga makarantar da ta bukace shi ba tukuna.

TAFINTA

Kati ƙarfe ne da roba, bai san yaren kwamfuta ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke tsakaninsu, masu sana'a na ce mata direba, mu kuwa mun fi ganin ta kamar tafinta a gaban alƙali. In babu ita, kati na nan a dashe amma kamar babu shi. Wannan ya sa dole a san irin tsarin da kwamfuta ke aiki da shi tun kafin saye. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025, amma har yanzu mu kan iske su duka biyu a ofisoshi. Katunan Intel AX200 da AX210 ba su da direba ta Windows 7 sam. Mai irin wannan kwamfuta ko dai ya sabunta tsarinta, abin da ya fi, ko ya nemi katin da aka rubuta Windows 7 ƙarara a kwalinsa. Masu aiki da Linux kuwa katin Intel ya fi musu sauƙi, domin direbarsa na cikin tsarin tun asali, alhali wasu na USB masu ƙwaƙwalwar Realtek sai an sha wuya.

A sani kuma sunan da ke kan kwali dabam, ƙwaƙwalwar da ke ciki dabam. Kamfanoni da yawa na ɗaukar ƙwaƙwalwar Intel ko Realtek ko MediaTek su sa mata riga su buga sunansu. Wani lokaci ma samfuri ɗaya ya kan fito sau biyu ko uku da ƙwaƙwalwa dabam dabam, an bambanta su da ɗan rubutu V1 ko V2 a gefen lamba. Wanda zai sauko da direba ya duba wannan ɗan rubutu.

RANAR ƊAURAWA

A kashe kwamfuta, a zare igiyar wuta daga soket ɗungum, ba kashe maɓalli kaɗai ba, sa'an nan a danna maɓallin kunnawa na 'yan sakan domin sauran wutar da ke ciki ta fita. A ɗora akwati a kan tebur a kwance murfin gefe. Kafin a taɓa kati a fara taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Wannan ba camfi ba ne. Duk wanda ya taɓa jin ɗan tartsatsi ya sare shi a yatsa cikin hunturu, sa'ad da ya kama ƙofar mota ko ya tuɓe rigar nailan, ya san jiki na tara wuta in iska ta bushe. Abin da ba ya yi wa mutum kome ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar kati. A riƙe kati ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran nan masu ruwan zinariya. Tun da an buɗe, sai a hure ƙurar da ta taru cikin gurbin, gama ƙurar ƙasarmu ta kan hana haƙora haɗuwa.

In akwati siriri ne, a kwance ƙananan notuna biyu a sauya ƙarfen baya da gajere. A cire marfin ƙarfen da ke toshe tagar baya daidai da gurbin, a saita kati, a danna shi tsaye da yatsu biyu har ya zauna daram. In ya ƙi shiga kada a yi masa ƙarfi, a fitar a sake dubawa. A ɗaure shi da noti ko da maƙallin akwati. Katuna da yawa na zuwa da wata siririyar igiya ta Bluetooth, wadda a ke kai bakinta wani gurbi mai allurai tara a kan allo, an rubuta USB a gefensa. Akwai wani mai kama da shi na sauti, kada a rikita su. In ba a sami gurbin ba, kamar yadda ya kan faru a kwamfutocin ofis, a bar igiyar, Wi-Fi zai yi aiki ba tare da ita ba. A rufe murfi, a murɗa eriya duka biyu da hannu, ban da filaya.

Da an kunna, Windows 10 da 11 su kan gane katuna da yawa da kansu. In ba su gane ba sai a shiga wani hali mai ban dariya: ana bukatar intanet domin a sauko da direba, ana bukatar direba domin a sami intanet. Faifan da ke cikin kwali ma ba lalle kwamfutar na da wurin sa shi ba. Mafita biyu ce. Ko a sauko da direba tun da wuri a wata na'ura a zubo ta a filashi, ko a haɗa wayar hannu da kwamfuta da igiyar caji a kunna rarraba data ta USB. Daga shafin kamfanin da ya ƙera kati kaɗai za a sauko da ita, ban da shafukan nan masu alkawarin gyara kome kyauta, waɗanda ke cusa wa kwamfuta cuta. In kwali ya ɓace ba a san ko wane kati ne ba, a buɗe wurin da Windows ke kira Device Manager, a nemi abin da ke da alamar rawaya, a duba lambar shaidarsa. A katin ciki, in an ga VEN_8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14C3 na MediaTek.

Saura wurin ajiyewa, wanda mutane suka fi rainawa. Akawu ya kan tura akwatin kwamfuta ƙarƙashin tebur, bayanta na jingine da bango, kabad na ƙarfe a gefe, sa'an nan ya ce kati ba shi da kyau. Ƙarfe na tare wannan saƙo kamar yadda bango ke tare haske, akwatin kwamfutar kansa kuwa ƙarfe ne. A ɗaga ta sama, a miƙe eriya tsaye. Katin da eriyarsa ke da doguwar igiya da gindi mai maganaɗisu ya fi, domin a na iya ɗora ta bisa kabad. Na USB kuma a sa masa 'yar igiyar ƙari a kawo shi kan tebur. Wannan na da wani amfani: ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, su kan fitar da hayaniyar da ke damun zangon 2.4, abin da Intel da kansa ya bayyana a 2012, nisanta kati daga ramin kuwa na rage ta. Rauta ita ma a rataye ta sama a tsakiyar gini, ba cikin aljihun teburin shugaba da makulli ba.

Kwamfutar ofis na ɗauke da takardar albashi, da sakamakon jarrabawa, da wasiƙun da ba na kowa da kowa ba ne. Igiya sai an shigo ɗaki a ke taɓa ta, iska kuwa har bayan katanga ta ke kaiwa. Saboda haka a duba irin kullen da rauta ke aiki da shi. WEP tun 2001 masana suka nuna yadda a ke fasa shi, ba kulle ba ne yanzu. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in kati da rauta duka sun san shi. Kalmar sirri ba ta kasa baƙaƙe takwas, amma gara a yi ta goma sha biyu ko fiye, kuma kada ta zama sunan makaranta ko lambar wayar hedimasta. Ita rautar tana da tata kalmar ta shiga saituna, wadda kamfani kan bari a kan admin, a sauya ta ran farko. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki a sake kalma, kamar yadda a ke karɓar makullin sito. Wanda ke sayen data da awo kuma ya shiga saitunan Windows ya nuna cewa wannan layi na awo ne, in ba haka ba kwamfuta za ta iya shanye kuɗin wata guda cikin dare ɗaya tana sabunta kanta.

Umurnin da muka ba makarantun da ke hannunmu tun daga wancan rangadi shi ne, in za a sayi katuna da yawa a fara sayen ɗaya tak. A ɗaura shi a kwamfutar da ta fi nisa da rauta, a yi aiki da shi kwana uku, da wutar gari da ta janareta, sa'an nan a rubuta bocar sauran, a kuma yi sharaɗi da mai kanti a bayan rasit cewa zai musanya wanda ya ƙi. Dogon ƙarfen da aka cire, da faifai, da kwali, a shigar da su littafin sito.

Su kuwa mutanenmu na makarantar kwana, wani maƙerin gwangwani na bakin kasuwa ne ya fisshe su. Aka kwance dogayen ƙarafan aka kai masa tare da marfin taga ɗaya domin awo, ya yanke su ya lanƙwasa bakin kowane. Goma suka zauna daidai. Biyu sun karkace, an ɗaure su da waya, suna nan suna aiki har ran da muka koma.